Ɗaki Mai Taya

Rilwanu ya sayi karafan ɗinsa a tsakiyar zafi, lokacin da duk mai hankali a Jidda yake neman wanda zai sayar wa nasa. Karafan ɗaki ne da aka ɗora a kan taya, da gado a ciki da murhu da ɗan banɗaki, ana ɗaure shi a bayan mota a ja shi zuwa sahara ko bakin teku idan sanyi ya shigo. 'Yan gari suna kiran wannan fita kashta. Mutum zai bar gidansa mai ruwa da wuta, ya tafi inda babu ko ɗaya, ya kwana biyu yana tauna yashi a cikin shinkafa, sannan ya dawo yana ba da labarin irin hutun da ya yi.

Rilwanu bai taɓa zuwa kashta ba. A unguwar Karantina aka haife shi, nan cikin Jidda, kamar ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya sauke farali, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya kama hanyar gida, kuma hutun nan ne jikokinsa suke kan yi har yau. Mutanen Karantina ba su san kashta ba. Ba su ga dalilin da zai sa a ƙona mai a tafi neman wurin da ruwan famfo ba ya zuwa ba, alhali a cikinsa suke zaune.

Sai aka wayi gari an bi bangayen unguwar da jan fenti, kalma ɗaya tak: ikhla, wato a tashi. Aka tashi. Kowa ya ɓalle abin da zai ɓallu, ƙofa, taga, tankin ruwa, sannan motocin rusau suka zo suka ƙarasa sauran. Rilwanu yana cikin masu sa'a. Iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, tana da rai, yana da aikin kula da kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, don haka ya kama haya a unguwar Safa, a hawa na huɗu na wani gini mai tsabta inda maƙwabci yake gaishe ka da kai kawai, in ya ga dama. Ya kwashi matarsa Zakiya da 'ya'yansu da mahaifiyarsa, Inna Tani, ya kai su can. Kowa ya ce masa ya ci gaba.

Inna Tani ta hau benen nan sau ɗaya, ranar da suka tare, tana hutawa a kowane hawa. Ba ta sake saukowa ba. Gwiwoyinta sun ƙi matakala, ita kuma ta ƙi lif. Ta ce ba za a rufe ta a cikin akwati ba tana da sauran numfashi. A Karantina a tsakar gida take kwana, zafi da sanyi, a kan gadon igiya, ƙofa a buɗe, mata na shiga suna fita kamar kasuwa. A Safa aka ba ta ɗaki mai labule da na'urar sanyi, da taga da ke kallon tagar wasu mutane da ba sa buɗe tasu. Rufin ginin a kulle yake, mai gidan ya hana hawa. Ta daina barci sai gyangyaɗi. Ta rage cin abinci. Likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, ya rubuta magunguna, ya ƙara da cewa tana buƙatar iska da walwala, waɗanda ba a sayar da su a kantin magani.

Wata rana da hantsi, Rilwanu yana gyara mata matashi, ta yi magana. Ba da shi take ba, da silin take.

"Ni dai da zan ƙara kwana ɗaya a inda in na buɗe ido sama zan gani."

Ba ta sake faɗa ba. Shi ne bai daina ji ba.

A ofishin sitonsu akwai wani ɗan ƙasa mai suna Bandar, wanda ya daɗe yana tallar karafan ɗinsa ga duk wanda ya tsaya kusa da shi. Rilwanu ya tsaya.

"Sau biyu kawai na fita da shi, wallahil azim," in ji Bandar, yana bubbuga jikinsa kamar mai sayar da rago.

"To me ya sa za ka sayar?"

"Uwar 'ya'yana ta ce idan ƙaramin ɗaki mai zafi nake son kwana a ciki, in yi magana, za ta shirya mini a gida kyauta."

Rilwanu ya shiga ya duba. Gado mai faɗi, kujeru biyu suna kallon juna, banɗaki na zama wanda tsohuwa za ta yi amfani da shi ba tare da ta tsuguna ba, da rumfa da ake warwarowa daga gefe. A zuciyarsa ya ga Inna kwance a waje, garwashi na ci a gefenta, in sanyin asuba ya yi yawa a shigar da ita ciki. Ya saya. Sai a hanyar gida ya tuna cewa motarsa ƙarama ce, ko akuya mai taurin kai ba za ta ja ba.

Abokinsa Hussaini ne ya jawo masa shi da wanet, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da yake dakon kaya da ita. A lungu ɗaya suka tashi, don haka Hussaini yana da izinin faɗa masa gaskiya, kuma ba ya barin izinin ya yi tsatsa. Tun daga gidan Bandar har Safa bai rufe baki ba. Suka ajiye karafan ɗin a wani fili da ba a gina ba a bayan gininsu, bayan an yi wa mai gadi bayani.

Zakiya ta sauko ta zagaya shi sau ɗaya.

"Mabruk, ya Abu Mazen," ta ce, tana kiransa da sunan ɗansu kamar yadda Larabawa suke yi. "Ka sayi ɗaki ba ka da fili, ka sayi abin ja ba ka da abin jansa. Saura jirgin ruwa."

"Don Inna ne."

"Na sani," ta ce, muryarta ta sauka. "Shi ya sa ban yi ihu ba."

Da yamma ya zauna a bakin gadon Inna ya nuna mata hoton a wayarsa. Rilwanu ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa. "Kai" take ce masa, in ta ji daɗinsa ta ce "kai ɗin nan".

"Ɗaki ne, Inna, mai taya. In sanyi ya shigo sai mu ja shi mu fita bayan gari. A shimfiɗa miki a waje, ki kwana kina kallon sama har ki gaji."

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Wa ke ciki?"

"Babu kowa. Namu ne."

"Yanzu fa, kafin sanyin?"

"Yana nan a ajiye."

"Ɗaki guda," in ji Inna a hankali, "a rufe, babu kowa, babu komai."

Ta faɗi haka kamar an ce mata an zubar da tuwo a kwata.

Kuskuren Rilwanu ba sayen ba ne, faɗar ce. Ya manta cewa motocin rusau ba su taɓa wayar Inna ba. Duk abin da ya rage na Karantina yana cikin 'yar wayar nan mai madannai, kuma tana aiki tun daga asuba har isha.

Malam Muntaka tela ne ya fara zuwa. Ya shigo ƙasar da niyyar umra tun Rilwanu yana saurayi, ya yi umrarsa, sannan ya shiga irin hutun kakan Rilwanu. Tun bayan rusau yana raba ɗaki da wasu 'yan'uwa a kudancin gari, inda ko takalmi sai an ɗora a kan takalmi. Ya iso da keken ɗinkinsa, baƙi, mai ƙafar ƙarfe.

"Inna ta ce kana da ɗaki."

"Ba ɗaki ba ne, Malam, karafan ne. Na tafiya ne."

"Ai duk tafiyar muke yi, ɗana. Kwana biyu kawai, kafin in samu wuri. Amana."

Aikin Rilwanu ke nan a sito, ajiye kayan mutane, kuma ya san tsawon kwana biyu. Amma a sito akwai ranar da ake buga wa mai kaya waya a ce ya zo ya kwashe ko a yi gwanjo. A Karantina babu wannan ranar. A unguwar da rabin mutanenta ba su da takarda, inda mutum zai fita sayen burodi da silifas a ƙafa sai dai a ji ya sauka a Kano, dole kowa ya san gidan da zai bar kayansa. Gidan Inna Tani na cikin irin waɗannan gidaje. Abin yana da ƙa'ida da kowa ya sani: ba a ƙin karɓa in akwai wuri, ba a buɗewa, ba a tambaya, ba a gusar da kaya daga inda mai shi ya ajiye da hannunsa, kuma ba a ba kowa sai shi ko magajinsa. Rilwanu ya girma yana barci a kan akwatunan mutanen da bai taɓa gani ba.

Ya buɗe wa Malam Muntaka.

Bayansa Hajiya Hikima mai abinci ta aiko da tukwanenta, irin waɗanda ake dafa wa biki guda a cikin ɗaya, har da turmi. Wani dattijo ya kawo ƙofar gidansa ta ƙarfe, koriya, da makullinta a jiki, ya ce in Allah ya sake ba shi gida ba zai fara daga babu ba. Aka kwantar da ita a kan gado. Tsofaffin na'urorin sanyi suka hau kan ƙofar. Sai firiza, sai tukwanen gas, sai akwatuna ɗaure da igiya. Kowa da sallama yake zuwa, kowa ya hau ya gaida Inna ya daɗe a wurinta. Abin da ya ɗaure wa Rilwanu hannu shi ne a irin waɗannan ranakun tana cin abinci.

Sanyin Jidda baƙo ne mai sauri, ba ya zama ya sha ruwa. Lokacin da ya shigo, abin da ya rage a cikin karafan ɗin 'yar hanya ce da mutum zai bi a karkace ya kai banɗaki.

Rilwanu ya fara neman masu kaya. Wayar Malam Muntaka ba ta shiga. Daga baya aka ji an kama shi a hanyar kasuwa an mayar da shi gida, gidan da rabonsa da shi tun gashin kansa yana baƙi. Hajiya Hikima ta koma Makka wurin 'yarta, ta ce tana tafe bayan azumi, ba ta ce azumin wace shekara ba. Dattijon mai ƙofa ya rasu bai samu gidan ba, 'ya'yansa kuma suna Damagaram suna shawara. Sauran duk sun yi godiya, sun yi addu'a, sun ce kwana biyu.

Duk yammacin Alhamis yakan ga maƙwabta suna loda darduma da itace da buta a mota, wasu da nasu karafan ɗin a baya, fayau, mara nauyi, yana rawa a kan titi. Ƙafafun Inna kuwa sun fara kumbura. Sallar da take yi a zaune ta koma yi a kishingiɗe.

"Inna, sanyi fa wucewa yake yi."

"Haka ya saba."

"Bari in sauke kayan nan a fili, a rufa musu tamfol, mai gadi ya duba su. Dare ɗaya tak."

"Kayan mutane su kwana a waje don ni in je in kwana a waje?"

"To in kai su sito, wurin aikina."

"A sito suka ajiye?"

"Don ke na saya, Inna."

"Na roƙe ka?"

Gaskiyarta ce, ba ta roƙe shi ba. Da silin ta yi magana, shi ya tsoma baki.

Can ta ce, a hankali, "Muntaka ba shi da komai a duniya sai keken nan. In ya aiko ɗansa gobe ya tarar an taɓa, me zan ce? In ce na je shan iska?"

Zakiya tana jinsu daga kicin. Da ya fito ta tare shi a lungu.

"Ba sai ta sani ba," ta ce. "Tagarta ba ta kallon filin. Ka sauke, mu je, mu dawo, ka mayar. Halas, shi ke nan."

Ranar Juma'a da safe ya sauka ya buɗe karafan ɗin. Warin tsohon gida ya buge shi, man keke da daddawa da turaren wuta da ya kama jikin akwatuna. Ya rungumi keken Malam Muntaka, ya sauko da shi da kyar, ya dire a kan tsakuwa. Ya tsaya yana haki. Babu wanda ya gan shi. Mai gadi yana barci, tagogi duk a rufe, ko kyanwa babu a filin. Keken yana tsaye a rana, da guntun zare ja a jikin allurarsa, kamar mai shi ya ɗan zaga ne. Rilwanu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sake rungumarsa ya mayar da shi, ya daidaita ƙafafunsa a kan sawun da suka bari a ƙura. Mutum ya yi aiki da turawa da larabawa, ya iya kwamfuta, ya koma Safa, amma ba ya wuce gidan da aka yaye shi.

A nan ne dabara ta zo masa, irin wadda take zuwa wa mutum idan masu kyau sun ƙare. Ƙa'ida ta ce ba a gusar da kaya daga inda aka ajiye su. Ba ta ce ba a gusar da inda aka ajiye su ba. Za a ja karafan ɗin da duk abin da ke cikinsa.

"Mu tafi da wanet kawai mana, da tabarma," in ji Zakiya.

"Ta tsuguna a yashi da waɗannan gwiwoyin? In iska ta taso da asuba fa, a ina za a ɓoye ta?"

Wannan gaskiya ne. Akwai kuma wata gaskiyar da bai faɗa ba, cewa idan aka tafi kashta aka bar karafan a gida, to me ya saya ke nan? Da aka kai wa Inna maganar ta yi nazari kamar alƙali, ta tambaya ko za a buɗe wani abu, aka ce a'a, ta tambaya ko za a dawo da shi daidai inda yake, aka ce i. Ta ce to.

Hussaini ya zo ya leƙa ciki, ya fito, ya shuri taya ɗaya da ƙafa. Tayar ta riga ta baje kamar gurasa.

"Ya shaihi, wannan an yi shi ne don ya ɗauki mutum huɗu da butar shayi. Kai ka ɗora masa unguwa."

"A hankali za mu tafi."

"A hankali ma ana mutuwa."

"Za ka ja ko ba za ka ja ba?"

"Don Inna zan ja. Kai kam ko hannunka ba zan ja ba in ka faɗa rijiya."

Suka zubar da ruwan tankin karafan ɗin don rage nauyi, wanda ya yi daidai da cire wa jaki hula bayan an ɗora masa dutsen niƙa. Suka sa rana, Juma'a mai zuwa bayan masallaci, domin ana cewa daga makon gaba zafi zai dawo.

A kan kujerar roba suka sauko da ita, Rilwanu a ƙasa, Hussaini a sama, Zakiya na biye da kwandon abinci da jakar magani. Abin da ya tsorata Rilwanu a kan matakalar ba nauyin Inna ba ne, rashinsa ne. Da suka fito fili ta rufe ido saboda haske, ta buɗe, ta ga karafan ɗin ido da ido a karon farko.

"Ashe babba ne haka," ta ce. "Ai da na sani da na ce wa maƙwabciyarmu Sajida ta kawo katifunta. Akwai wuri a sama."

Hussaini ya yi dariya har da riƙe ciki. Rilwanu bai yi ba.

Ta sa aka buɗe mata ƙofar, ta leƙa daga kan kujerarta, tana bin kayan da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi.

"Komai na nan?"

"Komai na nan, Inna."

"To, Allah ya yi maka albarka, kai ɗin nan."

Aka sa ta a gaba kusa da Hussaini, Rilwanu da Zakiya a kujerar baya. Wanet ya yi nishi, karafan ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, suka hau titin da ya nufi arewa. Motoci na wuce su suna danna ƙaho. Inna ta sa aka sauke mata gilashi.

"Kai Hussaini, yau kuma hawainiya ka zama?"

"Inna, tuƙin mai ɗauke da ƙwai nake yi."

"Kai? Kai da ka faɗa da keke cikin kwatar ƙofar gidana, har wandonka ni na wanke?"

"Inna, ana gaban mutane fa."

"Waɗanne mutane? Wannan da ke baya shi ya turo ka."

Ta yi dariya, gajeriya, tari ya katse ta, ta sake yi. Ta miƙa hannu waje iska na bugunsa. Rilwanu yana zaune a bayanta yana kallon gefen mayafinta yana kaɗawa, ya bar zuciyarsa ta fara lissafin inda zai shimfiɗa darduma da wajen da zai juya mata kai.

Sun wuce gidaje na ƙarshe amma ba su kai sahara ba. Suna wannan yankin da kowane babban gari yake zubar da abin da ba ya son gani, wuraren buga bulo, tarin tsofaffin tayoyi, manyan motoci jere a gefen hanya. Nan aka ji ƙara kamar an harba bindiga. Wanet ya yi hagu, ya yi dama, Zakiya ta kama salati, Hussaini ya danne sitiyari da duk ƙarfinsa har ya samu ya gangara gefen titi. A bayansu tukwanen Hajiya Hikima suka yi wata irin guɗa, sannan shiru.

"Me ya fashe a ciki?" in ji Inna. Abin da ta fara tambaya ke nan.

Karafan ɗin ya durƙusa a gefe ɗaya kamar raƙumin da ya yanke shawara. Hussaini ya kwanta a kan tsakuwa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito yana kakkaɓe riga. Wannan karon bai yi ba'a ba.

"Ba taya kaɗai ba ce. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin ya lanƙwashe. Halas."

Ya buga wa wani mai babbar motar ɗaukar motoci waya. Mutumin ya ce yau Juma'a, sai gobe, kuma da ya ji abin da ke ciki ya ce sai an sauke kayan tukuna. Hussaini ya ce sai goben, sauran maganar a yi ta goben.

La'asar ta wuce. Rana ta yi ƙasa amma ba ta huce ba; iskar da ke busowa mai ɗumi ce, da warin dizal a cikinta. Waɗanda suka ce zafi sai mako mai zuwa sun yi wa zafin ƙarya. Can gaba, bayan wani tarin bulo, Rilwanu yana hango inda duwatsu suka fara, da yashi ja a gindinsu. Kusa ne ƙwarai. Mutum mai lafiya zai iya takawa.

Ya zo ya tsuguna a gefen ƙofar wanet.

"Inna, ga shi can. Mu kwance karafan ɗin mu kulle shi, mu ƙarasa da motar nan. Ba sai mun kwana ba. Mu zauna har taurari su fito, ki gani, mu dawo."

Ta dubi inda yake nunawa. Ta daɗe tana dubawa, har ya zaci ta yarda.

"Ka bar kayan mutane a bakin titi?"

"A kulle, Inna. Awa ɗaya."

"Ƙofar da Hussaini zai ɓalle da cokali."

"To Hussaini ya tsaya, ni in tuƙa ki."

"Hussaini aka ba wa?"

Babbar mota ta wuce, ƙasa ta girgiza, ƙura ta rufe su. Inna ta kama tari, wannan karon mai tsawo. Da ya lafa sai numfashinta ya koma gajere, tana jansa da kafaɗu. Zakiya ta ba ta ruwa, ta riƙe hannunta, sannan ta ja Rilwanu gefe.

"Dubi leɓɓanta," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba za ta iya zama a nan ba, ba za ta iya zuwa can ba. A mayar da ita gida yanzu, ya Abu Mazen. In bai lafa ba mu wuce asibiti."

"To mu tafi gaba ɗaya. Kayan su..."

"Kai," in ji Inna daga cikin mota. Muryar ta yi siriri amma ba ta rasa komai ba. "Kai za ka zauna. Hussaini ya mayar da ni."

"Inna, ba zan bar ki..."

"Ni ba amana ba ce, uwarka ce. In na ɓace babu wanda zai tuhume ka. Zauna."

Hussaini ya riga ya fara kwance karafan ɗin daga jikin wanet, yana aiki da kansa a sunkuye don kada su haɗa ido. Ya ce shi da mai gadi za su hau da ita, kada Rilwanu ya damu, gobe da sassafe zai dawo. Rilwanu ya gyaɗa kai. Yana tunanin matakalar nan, hawa huɗu, da yadda kujerar ta kasance a hannunsa ɗazu. Ya san saukowar Inna ta gaba ba a kan kujera za ta yi ta ba.

Zakiya ta sauke masa kwandon abinci, da filas ɗin shayi, da dardumar da aka tanadar wa Inna. Ta gyara masa wuyan riga ta shiga mota.

"Yalla, mu tafi," in ji Hussaini, ba da kowa ba.

Wanet ya tashi da sauƙi yanzu da aka raba shi da kaya. Babu wurin juyawa a kusa, sai da suka yi nisa har ya daina ganinsu. Ya tsaya a gefen titi yana jira. Can ya hango su suna dawowa ta ɗaya hannun, da gudu, tsakaninsa da su shingen ƙarfe da layin manyan motoci. Ya ɗaga hannu. An kwantar wa Inna da kujera, an rufe gilashi, fuskarta na kallon rufin motar.

Ya sauke hannun. Ya zagaya karafan ɗin, ya taɓa makullin, ya ja ƙofar ya tabbatar ta kama. Sannan ya shimfiɗa dardumar a gefen da bai durƙusa ba, inda zai iya ganin duk wanda ya matso, ya zauna.